Kilomita Huɗu Daga Garin Wida Zuwa Bakin Teku

Ga abin da muka tattauna a shirin wannan mako, mun sa shi a takarda don wanda bai samu saurare ba, ko wanda batir ya mutu masa ana tsakiyar magana.

Zancen yau na yawo ne a ƙasa. Na san za ka ce, yawo kuma? Mutumin da ya saba bin sawun shanu wata da watanni, ko wanda ya kwana a kan kaya daga Malanbil zuwa Kwatano, shi za a koya wa tafiya? A'a, ba tafiya za mu koya maka ba. Wata 'yar hanya ce za mu nuna maka, wadda ba ta wuce kilomita 4 ba, ba tudu ba gangare, tsoho ma da sandarsa yana gama ta. Tana garin Wida a Jamhuriyar Benin, ta tashi daga tsakiyar gari ta ƙare a bakin teku. Yawancinmu da ke zuwa Kwatano mun san tashar jiragen ruwa, mun san ofishin duwan, mun san Zango da kasuwar Dantokpa, to shi ke nan. Sai mutum ya yi kwana biyar yana jiran takardun mota ko na kaya, yana zaune yana shan shayi yana duban waya, alhali ga wuri nan kusa da ya shafe shi, ya shafi kakanninsa, ya kuma shafi sana'ar da yake ci da ita.

Ina ne Wida, kuma yaya ake zuwa?

Wida tana yamma da Kwatano, tazarar kamar kilomita 40, a kan babbar hanyar da ta nufi Lome. A allunan hanya za ka ga an rubuta Ouidah, rubutun Faransanci ke nan. Mutanen garin kuwa Glehwe suke ce mata. Motocin haya masu zuwa can ba su yankewa, kuma duk motar da ta nufi iyakar Togo ta nan take bi. In hanya ba cunkoso, cikin kamar awa ɗaya ka isa. Motar za ta sauke ka a bakin titi, sai ka hau kabu-kabu, wanda su suke kira zem, ya shiga da kai cikin gari. Ka daidaita kuɗi da shi kafin ka hau, kuma ka riƙe canjin sefa ƙanana, don ba kowa ke da canjin jika goma ba.

Kada ka baro katin shaidarka a masauki. Ka riƙi gorar ruwa, da hula mai baki irin malafa, da takalmin da ƙafarka ta saba da shi. Rana a kudu ba ta kai tamu ƙuna ba, amma akwai gumi, iskar tana da laima, gajiya kan kama mutum bai ankara ba. Saboda haka ka yi sammako: ka bar Kwatano bayan asuba, ka fara tafiyar kafin hantsi ya dubi ludayi. In ba haka ba, ka bari sai bayan la'asar. Damina biyu suke yi a can, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Oktoba. Daga Disamba zuwa Maris ne lokacin da ya fi daɗin tafiya. Sai dai ka sani a watan Janairu ake bikin addinin gargajiyarsu, wanda suke kira Bodun, kuma a kwanakin nan garin cika yake yi maƙil. In kana son natsuwa, ka zaɓi wata rana.

Zango na farko: gidan ganuwar 'yan Fotugal

Ka fara daga tsohon gidan ganuwa na 'yan Fotugal, wanda aka gina a 1721. A da akwai irinsa na Faransawa da na Ingilishi a garin, amma wannan ne ya saura. Abin mamakinsa shi ne, ko bayan da Faransa ta ci ƙasar baki ɗaya, wannan ɗan fili ya ci gaba da zama mallakin Fotugal, da tutarsa da jami'insa, kamar ƙasa a cikin ƙasa. Sai a 1961, shekara ɗaya bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Dahome ta ce su fita. Da za su tafi suka cinna wa gidan wuta. Daga baya aka gyara shi aka mai da shi gidan tarihi. An yi shekaru ana gyare-gyare a wannan wuri da sauran wuraren da ke kan hanyar, don haka in ka tarar an killace wani sashe, kada ka yi mamaki, ka tambaya a nuna maka ta inda ake bi.

A nan ya kamata ka fahimci abu guda, don shi ne mabuɗin duk abin da za ka gani. Turawan da suka zauna a waɗannan gidaje ba su ne masu mulkin garin ba a wancan zamani. Baƙi ne 'yan kasuwa, suna biyan haraji. Da farko ƙasar ta sarakunan Hweda ce, masu babban birni a Sabi, arewa kaɗan da Wida. A 1727 Sarki Agaja na Dahome ya ci su da yaƙi, hanyar teku ta koma hannunsa. Sarakunan Dahome, daga birninsu Abome, suka naɗa wakili a Wida mai sarautar Yobogan, wato sarkin farar fata. In ka san tarihin Agadas, ka san akwai sarautar Sarkin Turawa, mai kula da fataken da suka zo daga nesa. To kusan aikin ke nan: ba a buɗe ciniki sai da izninsa, kuma sai an fitar da rabon sarki tukuna.

Kafin ka kama hanyar teku, a tsakiyar gari akwai ɗakin bautar mesa, yana fuskantar babbar majami'ar Katolika, titi ne kawai a tsakaninsu. Mutanen garin ba su kashe mesa, suna girmama ta. Ko ka shiga ko kada ka shiga, wannan ruwanka ne. Amma in ka ga mesa a garin, kada hannunka ya kai ga sanda kamar yadda ka saba a daji. Baƙo ba ya karya dokar masu gida.

Zango na biyu: dandalin Shasha

Daga nan sai dandalin da ake kira Shasha, a allo an rubuta Chacha. Laƙabi ne na wani mutumin Barazil mai suna Francisco Félix de Souza, babban dillalin bayi. Shi ya taimaki Gezo ya hau gadon sarautar Dahome a 1818, Gezo kuma ya saka masa da ba shi fifiko a cinikin Wida. A garin ya mutu a 1849, gidansa yana nan gefen dandalin, zuriyarsa ma suna nan har gobe. Masu jagora za su gaya maka a ƙarƙashin itacen wannan dandali ake baje mutane ana ciniki.

Kai da ka san kara, ka san yadda ake duba dabba: a buɗe baki a ga haƙori, a duba ido, a taɓa ƙafa, a sa ta ta taka a gani. Wani ɗan Holan mai suna Bosman, da ya yi ciniki a wannan ƙasa wajen 1700, ya rubuta cewa haka ake yi wa mutane. Likitan jirgi ya duba su tsirara, maza da mata, a ware tsofaffi da masu ciwo, waɗanda aka zaɓa kuma a ɗora musu ƙarfe mai zafi a ƙirji, shaidar kamfanin da ya saya, don kada a musanya. Ka tsaya a dandalin nan ka tuna wannan. Dillali, la'ada, tayi, sallamawa, duk kalmomin da muke amfani da su kullum, an yi amfani da irinsu a nan a kan ɗan Adam.

Da me ake biya? Da tufafi, da bindigogi da albarushi, da barasa, da sandunan ƙarfe, da taba. Tabar daga Bahiya take zuwa, wani yanki na Barazil, an murɗa ta kamar igiya an shafe ta da maɗin rake don kada ta bushe, kuma mutanen wannan gaɓa sun fi son ta a kan kowace taba. Wannan ya sa jiragen Bahiya suka fi kowa zarya a nan. Amma babban abin biya shi ne wuri. Wurin nan da kakanninmu suke ƙirgawa zambar-zambar suna ɗurawa a keso, ba a ƙasarmu ake samunsa ba. Daga tsibiran Maldibs yake, can cikin tekun Indiya. Jiragen Turawa su kai shi Turai, su sake lodinsa zuwa gaɓar nan, a sauke shi buhu-buhu, fatake su hau da shi arewa. Ba duk wurin da ya shigo ƙasar Hausa ne ya bi ta nan ba, amma mai yawa ta bakin tekun nan ya shigo. Ka kuma san kalmar kuɗi da muke faɗa yau, asalinta jam'in wuri ce. To ka ga ashe zancen bai yi nisa da aljihunka ba.

Masana tarihi sun ƙiyasta cewa daga wajen 1670 zuwa wajen 1860, mutanen da aka fitar ta Wida sun haura miliyan 1. A duk Afirka, Luwanda ta ƙasar Angola ce kaɗai ta fi ta.

Zango na uku: itatuwa biyu da ɗakin duhu

Daga dandalin sai ka miƙe kudu. Gidaje za su fara raguwa, gonaki da itatuwan kwakwa su fara yawa. A gefen hanya za ka riƙa ganin mutum-mutumi na siminti, wasu siffar dabbobi, wasu siffar mutane. Ba tsofaffi ba ne. An kafa su ne a farkon shekarun 1990, zamanin Shugaba Nicéphore Soglo, yawancinsu aikin wani mai zane ne ɗan Abome, Cyprien Tokoudagba, kuma da dama alamomin sarakunan Dahome ne.

Wuri na farko da za a tsayar da kai shi ne gurbin Itacen Mantuwa. Abin da ake faɗa shi ne, ana sa maza su kewaya itacen sau 9, mata sau 7, wai don su manta sunansu da garinsu da iyayensu. Gaba kaɗan, a ƙauyen Zungboji, akwai gurbin Zomayi, ma'anarsa inda haske ba ya shiga: ɗaki ne mai duhu da ake tsare mutane har jirgi ya iso. Kusa da shi akwai ginin tunawa da aka yi a kan wurin da aka ce rami ne na gayya, inda ake jefa waɗanda suka mutu kafin a kai su teku. Sai kuma Itacen Komowa, wanda aka ce ana kewaya shi sau 3, don ko jiki ya mutu a wata ƙasa, kurwa ta dawo gida.

A nan sai mu gaya maka gaskiya, don kada ka je ka dawo kana ba da labari a majalisa wani mai karatu ya ƙure ka. Labarin itatuwan nan biyu labarin baka ne na mutanen wurin, kuma akwai masana tarihi da ke ganin an ƙawata shi daga baya. Amma tsare mutane a ɗaure ana jiran jirgi, da mutuwar da yawa daga cikinsu saboda yunwa da cuta, da bin wannan hanya zuwa teku, waɗannan tabbatattu ne, suna cikin takardun masu cinikin da kansu. Ka saurari ɗan jagora da ladabi, ka ba shi hakkinsa, ka kuma san wanne ne wanne.

Zango na huɗu: masu dafa gishiri

Da ka wuce Zungboji, ƙasa za ta buɗe, iska ta sauya, ka fara jin ƙanshin ruwa. Tsakanin gari da teku akwai tafki mai ruwan zartsi, ya miƙe gabas da yamma, da itatuwa masu tsirowa cikin ruwa saiwoyinsu a waje. Yau gada ce za ka taka ka haye. A wancan zamani kuwa ba gada, sai a kwalekwale ko a ratsa ruwa da ƙafa, mutum yana ɗaure.

A bakin tafkin nan ne ƙauyen Jegbaji yake, kuma makiyayi zai so ya ɗan tsaya a nan, don sana'arsu gishiri ce. Mata ne ke yin ta, da rani. Su kankare ƙasar da gishiri ya fito mata, su tara, su zuba a manyan kwanduna, su kwarara ruwa a kai, ruwan ya tsiyaye ta ƙasa ya fito da gishirin, sannan su dafa shi a wuta har ya ƙafe ya bar farin gishiri. Duk wanda ya san Dallol Foga, can wajen Gaya, zai ce ai wannan aikin gidanmu ne, don kusan haka ake yin gishirin Foga. Tsakanin wuraren biyu tafiyar kwana da kwanaki ce a ƙasa, harshe daban, addini daban, amma dabara ɗaya. In ka ga suna sayarwa, ka sayi ɗan ƙulli ka kai gida tsaraba. Kada dai ka ɗauki hoton mace tana aikinta ba ka nemi izni ba.

Ka kuma riƙa duban ƙarƙashin itatuwan kwakwa. A gaɓar Benin ana kiwon shanu a gonakin kwakwa, su ci ciyawa su bar taki. In ka yi sa'a za ka ga 'yan gajerun shanun kudu marasa tozo, dangin muturu. Kada ka raina su don ƙanƙanta. Suna jure cizon ƙudan tsando da ciwon sammore a inda bunaji ko azawak ba za su daɗe ba.

Zango na biyar: ƙofa da teku

Tun kafin ka ga tekun za ka ji shi, wani ruri kamar na manyan motoci a nesa. Sai hanya ta ƙare, ga wata babbar ƙofa tsaye a kan rairayi, ba bango a damanta ba bango a hagunta. Ita ce Ƙofar Da Ba A Dawowa. An gina ta a 1995, gwamnatin Benin tare da hukumar UNESCO, shekara ɗaya bayan an ƙaddamar da shirin tunawa da hanyoyin bayi a wannan gari. A samanta an zana layi biyu na mutane a ɗaure sun nufi jirgi. A zamanin cinikin ba wata ƙofa a nan, rairayi ne kawai da rumfunan ajiye kaya. An gina ta ne don mai zuwa ya san inda ƙasa ta ƙare wa waɗancan mutane.

Ka tsaya a ƙarƙashinta ka dubi ruwan. Za ka lura ba wurin da jirgi zai matso. Wida ba ta taɓa samun tashar jirgi ba. Jiragen can nesa suke tsayawa, sai a zuba mutane a manyan kwalekwale a ratsa da su cikin raƙuman ruwan nan da kake gani suna tashi suna faɗuwa. Aikin yana da haɗari ƙwarai, har Turawa sukan ɗauko matuƙa daga gaɓar da take Gana a yau, wajen Elmina, don su suka gwanance. Kwalekwale yakan kife, wanda ke ɗaure kuwa ba ya iyo, ga kuma manyan kifaye masu cin mutum. Ka tuna da yawa daga cikin waɗanda aka kawo nan mutanen tudu ne irinmu, ba su taɓa ganin ruwan da ya fi Kwara faɗi ba.

Wannan rashin tasha shi ya kashe kasuwar Wida daga baya. Ingila ta hana cinikin bayi a 1807, Barazil ta rufe ƙofarta a 1850, aka koma cinikin manja. Duk da haka an ci gaba da satar hanya: jirgin ƙarshe da aka sani ya kai bayi Amurka, mai suna Clotilda, daga nan ya ɗebi mutum 110 a 1860. Da Faransawa suka ci Dahome a shekarun 1890, sai suka mai da harkar jiragen ruwa Kwatano, inda aka buɗe babbar tashar da ka sani a 1965. Wato layin da kake bi yau a Kwatano, a da a nan ake bin sa.

Namu da suka bi ta nan

Kada ka ɗauka wannan tarihin mutanen kudu ne su kaɗai. Akwai wani mutum da Turawa suka rubuta sunansa Mahommah Gardo Baquaqua, wato Muhammadu Gado. A Jugu aka haife shi, arewacin Benin, garin da ayarin goro ke yada zango tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Mahaifiyarsa Bakatsiniya ce, gidansu gidan Musulmi ne 'yan kasuwa. Aka kama shi yana saurayi, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har aka biyo da shi ta Wida, aka kai shi Barazil wajen 1845. A 1847 ubangidansa ya tafi da shi birnin New York a jirgin da ya ɗauki kofi, a can ya tsere. Ya zauna a Haiti, inda ya shiga addinin Kirista, ya koma Amurka ya yi karatu, aka buga labarin rayuwarsa a 1854. Labarinsa na ƙarshe da aka samu daga Ingila ne, a 1857, yana neman hanyar komawa gida.

Shi ɗaya ne da ya samu ya faɗi nasa. Yaƙe-yaƙen da aka yi a ƙasashenmu tun daga 1804, da hare-haren da suka biyo baya, sun jefa mutane da yawa a hannun fatake, aka gangara da su kudu, aka fitar da su ta Wida da Porto Novo da Badagiri da Ikko. Hausawa sun yi yawa a Bahiya har hukuma ta riƙa jin tsoronsu. Su suka shirya tawaye a 1807, aka tona asirin kafin ya tashi, suka sake yunƙurawa a 1809 da 1814. A watan Janairun 1835, cikin azumi, Musulmin birnin Salbado suka yi babban tawayen da ake kira na Male. Yawancinsu Yarabawa ne, amma da Hausawa da Nufawa a ciki. A jikin waɗanda aka kashe an samu layu da takardu da rubutun Larabci. Bayan an murƙushe su, aka kori wasu 'yantattu, wasu kuma suka biya kuɗin jirgi da kansu suka dawo wannan gaɓa. Su da zuriyarsu ake kira Aguda. A Wida akwai unguwar Maro, inda wasu daga cikin waɗanda suka dawo suka zauna, cikinsu da Musulmi. Ashe dai ƙofar nan, 'yan kaɗan sun dawo ta cikinta.

Abin da ke da ɗaci kuwa, kuma dole a faɗe shi: Bature bai hau tudu ya kamo kowa a Jugu ko Katsina ba. Mutanen ƙasa ne suka kama, mutanen ƙasa suka saya suka sayar, zango bayan zango, har bakin ruwa. A cikin kakanninmu akwai wanda aka ɗaure, akwai kuma wanda ya riƙe igiyar. Hanyar da goro da kanwa da gishiri suka bi, ita mutane suka bi.

Yawo a kan rairayi

In ka gama da ƙofar, ka cire takalmi ka taka rairayin, ko gabas ko yamma, duk inda ka ga dama. Wuri ne mai kyau ƙwarai: rairayi shimfiɗe iyakar ganinka, layin kwakwa a bayanka, iska mai sanyi ba ta tsayawa. Da safe za ka iya tarar da masunta sun yi layi suna jan babbar koma daga teku, suna waƙa, mata na jira da kwanoni. Kusa da ƙofar akwai wani ginin tunawa na Kiristoci, na zuwan limaman mishan da suka sauka nan a 1861. Masu sayar da ɗanyar kwakwa suna nan, a sare maka kai ka sha ruwan, a fasa ka ci naman. Daga wannan wuri kuma wata hanya ta bi gaɓa har Kwatano, ana kiranta hanyar masunta.

Amma ga gargaɗi, ka riƙe shi da kyau: kada ka shiga ruwan nan. Ko kai gwanin iyo ne a Kwara ko a tafkin Cadi, wannan daban ne. Ruwan yana bugowa gaba, sannan ya ja da baya ta ƙasa da ƙarfi, ya kwashe rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Mutum yana tsaye ruwa iya gwiwa sai a neme shi a rasa. In kana son ka taɓa shi don ka ce ka taɓa teku, ka tsaya inda kumfa ke ƙarewa, fuskarka na duban ruwan, kada ka ba shi baya. In da yaro tare da kai, hannunsa a cikin naka. Kada kuma ka yi nisa kai kaɗai inda ba mutane, kuma ka bar wurin kafin magariba.

Komowa

In ƙafa ta gaji, akwai kabu-kabu a bakin tekun da zai mai da kai gari cikin 'yan mintoci. In da sauran ƙarfi, ka koma a ƙasa, don komowar ma tana cikin abin da ka zo gani. Tafiyar zuwa, in ba tsayawa, awa ɗaya ce. Da tsaye-tsaye da hutawa, ka ware mata rabin yini. Akwai masallatai a cikin gari, ka tambayi kowa zai nuna maka, ka yi azahar ka kama motar Kwatano.

Me za ka ƙulla a bakin zani ka kawo gida? Ɗan'uwa, cinikin mutane bai mutu ba, kaya ya sauya. Kai da ke kwana a kan iyaka ka fi mu sani. Ka sha ganin yara ƙanana a mota da wani babba da ba ya iya faɗin sunan iyayensu. Ka sha ganin 'yan mata da aka yi wa alkawarin aiki a wata ƙasa, wani ya karɓe takardunsu ya riƙe. Direba ya sha jin an ce masa, ɗauki waɗannan, kada ka yi tambaya, ga ninkin kuɗin mota. Wanda ya taka hanyar Wida da ƙafarsa, ya tsaya a dandalin Shasha, ya ga inda rairayi ya ƙare, in aka kawo masa irin wannan tayi zai san sunan abin. Ka yi tambaya. In amsar ba ta kwanta maka ba, ka ce ba ka ɗauka, ka kuma sanar da shugabannin tasha ko jami'an da ke wurin.

Saboda haka in Allah ya kai ka Kwatano, takardu suka tsaya, kada ka ƙare kwanakin a kan benci. Ka ja abokin tafiyarka ku je Wida. Wanda ya je ya dawo, ya aiko mana da abin da ya gani, za mu karanta a shiri. Allah ya tsare hanya, ya ba da kasuwa mai albarka, ya ƙara wa dabbobi lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.